Hannun Badaru

Badaru ya tofo ƙwayar maganin a kan farin takalmin Sista Kubra.

"Sha abinki," ya ce. "Tun da kika fara ɗura min wannan hannuna yake rawa. Da me zan riƙe sitiyari?"

Direba ne da ke jigila tsakanin Gwaram da Kano, kafin ya soma jin muryoyi suna ce masa fasinjoji za su yanka shi. Wata rana ya tsaya a daji ya kore su da sanda. Sai da ya sha ɗauri a gida kafin a kawo shi asibiti a Birnin Kudu.

Yayansa, Alhaji Salihu, da ke tsaye bakin gadon ya yi tsaki.

"Kun mayar da shi gunki, sai dalalar da miyau. Ku sallame shi. Akwai mai magani a Surko."

"Alhaji, gyambon da mari ya bar masa a ƙafa har yau muna wankewa," in ji Kubra. "Rawar hannun daga maganin ce, na kuwa shaida wa likita. An rage ƙarfinsa, an haɗa da wanda zai kwantar da ita. In ya daina gaba ɗaya, ciwon zai dawo."

"Ke za ki koya min yadda zan yi da ƙanena?"

"Ga shi nan, a tambaye shi."

Badaru ya dubi yayansa, ya dube ta, babu wanda ya sakar wa fuska.

"Muryoyin ba su tafi ba," ya ce. "Sun dai yi ƙasa-ƙasa. Cewa suke ku duka maƙiyana ne." Ya juya ga yayansa. "Amma Yaya, kai ka ɗaure ni a turken jaki, 'ya'yana suna kallo."

Ya miƙa hannu. Kubra ta sa masa wata ƙwayar, ta ba shi kofin ruwa. Kofin ruwan ya yi ta kaɗawa yana jiƙa masa riga. Da ta kai hannu za ta tallafa, ya buge hannun nata. Shi kaɗai ya kai baki.

"Ɗaga harshe in gani."

Ya ɗaga, yana hararar ta. Babu komai.

Alhaji ya karkaɗe babbar rigarsa ya fice ba sallama.

"Kar ki zaci na yarda da ke," in ji Badaru.

"Ban zata ba. Miƙo ƙafar, lokacin wanki ya yi."