Ƙofar da Fenti Ya Liƙe

Duk Asabar ta farko a watan Mayu mutanen ƙauyenmu sukan fito da gwangwanayen baƙin fenti su shafe shingen ƙarfen da ya kewaye maƙabartar coci. Ba kankarewa, ba gogewa. Fenti kan tsatsa, fenti kan kashin tsuntsaye, sannan a sha shayi ana yabon juna. Shekara talatin ana wannan aikin ganin ido, har babbar ƙofar, wadda ta girmi kakannin kowa, ta liƙe ta daina buɗuwa. Sai a bi ta ƙaramar hanyar gefe mai matakala bakwai.

Kakata Enid ba ta iya hawa matakala. Shekara huɗu tana kan keken guragu, kabarin mijinta Horace sai dai ta hango shi ta tsakanin sanduna.

Da na dawo daga jami'a na tunkari Mista Ackroyd, dattijon da ke kula da cocin.

"Ƙofar tarihi ce, Rhoda," ya ce. "Ba a taɓa ta sai da izinin ofishin bishop, babban limamin yankinmu."

"Kun nema?"

"Ke dai yarinya ce. Abin ba sauƙi."

"Mista Ackroyd, na ce kun nema?"

Ya tsoma biskit a shayi, ya ƙura wa taga ido. Ashe ko wasiƙa ɗaya ba wanda ya taɓa rubutawa! Na rubuta. Bayan wata biyar izini ya fito.

Ranar fenti na iso tare da Hilda Thwaite, maƙeriyar garin da ke gaba da mu, da kayan ƙona fenti da guduma.

"Wane ɗan albarka ne ya shafe har inda ƙofar ke juyawa?" Hilda ta tambaya.

"Ni ne," in ji Mista Ackroyd. "Kowace shekara, da hannuna."

"Sannu da ƙoƙari. Allah ya sa ba kai kake gyara wa matarka keken ɗinki ba."

Aka bushe da dariya, shi kuwa ya haɗe rai.

Muka yi ta ƙonawa muna kankarewa, fenti na zubowa kamar ɓawon itace. Abin da muka taso muna gani dunƙule-dunƙule a saman ƙofar, sai ga shi ganyaye ne da furanni na ƙarfe, har jijiyar kowane ganye ta fito. Masu fenti suka ajiye burushi ɗaya bayan ɗaya suka karɓi abin kankara.

Wajen ƙarfe huɗu Hilda ta zuba mai, ta buga sau uku. Muka tura, ko motsi. Muka sake turawa.

"Ku matsa," in ji Mista Ackroyd, yana tuɓe kwat. "Ɗaga ta ake yi kaɗan kafin a tura. Haka babana yake yi."

Ya sa kafaɗa. Ƙofar ta yi wata irin ƙara da ta tayar da hankaki daga kan hasumiya, ta wangale.

Ban kai ga kama keken Kaka ba ta riga ta murza tayoyinsa da kanta. Ta ratsa tsakiyar ƙofar, mutane na tafi, ba ta tsaya ba sai gaban dutsen kabarin. Ta dafa shi.

"To, Horace," ta ce, "ga ni. Kai, dubi ciyawar da ka bari ta rufe ka! Rhoda, miƙo min almakashi."