An Canza wa Sufeto Rana

Auta na tura keken Baba a barandar asibiti sai Yaya ya riƙo gefen mayafinta, ya ce da ƙarfi wai a tsaya, yana jin tayar keken na ƙara. Tayar lafiyarta ƙalau. Ya ja Auta gefe, ya rage murya kamar mai sayar da kayan sata.

"Yau ni zan isar da saƙon Sufeto."

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Amma ba ki karanci fannin ba."

Fannin da Yaya ya karanta, kwas ne na lallashin masu damuwa da ya yi ta waya yana kwance a falo. Aka turo masa satifiket, ya buga shi da kala, ya sa a firam. Tun daga nan ba ya cewa mutum ya ji haushi, sai dai ya ce mutum yana mataki na biyu.

"Yaya, ko sau ɗaya ba ka kalli fim ɗin nan ba."

"Na karanta sharhinsa," in ji shi, ya gyara tabarau.

Sufeto dai ya mutu. Tsohon ɗan sanda ne, gadonsa na kusa da na Baba a ɗakin wankin ƙoda. Kafin su haɗu, sai da roƙo da rantse-rantse ake fito da Baba daga gida. Makaniki ne duk rayuwarsa, kuma ya ce bai yarda da injin da ba a bari ya buɗe cikinsa ba. Sai aka fara nuna wani fim a talabijin ɗin da ke maƙale a bangon ɗakin, daidai ranar wankinsu: wani ɗan sandan ciki da ba ya mutuwa. A harbe shi, a jefo shi daga bene, ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya yi atishawa ya tashi ya ci gaba da bincike. Baba ya kamu. Sufeto kuwa ya tsani fim ɗin tsana mai tsanani, shi ya sa ko minti ɗaya bai taɓa bari ya wuce shi ba. Suna kwance, jininsu na zagaye a cikin roba, suna musu har Sista ta zo ta ce hawan jininsu take gani a allo.

Fim ɗin bai yi nisan kwana ba. Zango ɗaya aka yi, aka bar jarumin a kulle cikin kwantena a bakin teku, mai kisan da yake farauta yana tafiya an nuno bayansa kawai. Ba a daɗe ba Sufeto ya bi shi.

A ɗakin nan kuwa ba a mutuwa. Idan gado ya wayi gari da sabon mutum, Sista za ta ce an canza wa mai shi rana. Yaya ya tara 'yan gida ya ce kada a kuskura Baba ya ji, domin zai daina zuwa. Abin haushin, wannan karon Yaya ya yi gaskiya. Da kunnenta Auta ta ji Baba yana cewa, "Ranar da ɗan sandan nan ya daina zuwa, ku ma kun huta da tura ni." Kuma likita ya gaya musu abin da ke faruwa da mai tsallake wanki, bai ɓoye komai ba. Don haka duk mako Auta ke kawo wa Baba saƙo, wai ta yi waya da 'yar Sufeto, tsohon ya ce kaza da kaza.

Suka shiga. Ɗakin na warin maganin goge ƙasa, injina na ƙyaf-ƙyaf da fitilu. A talabijin wani mutum mai farar riga yana koyar da kiwon kaji, abin da aka maye gurbin fim ɗin da shi ke nan. Gadon Sufeto wani baƙo ne a kai, ya rufe fuska da tawul. Baba ya dubi gadon, ya dubi Auta, ya miƙa wa Sista hannu ta soka allura.

"Sista, wace rana kika ce an mayar da maƙwabcina?"

"Sai ka tambayi ofis, Baba. Ni allura ce tawa."

"To. Ofis."

A gadon bakin taga wani majinyaci da ake ce wa Direba ya riga ya buɗe shari'a. Ƙato ne da ciwo ya zuƙe, rigunansa duk sun yi masa yawa.

"Ni fa ba a yi mini wayo," yake cewa. "'Yan sanda ne suka sa aka tsayar da fim ɗin. Yana tona musu asiri. Mutum ya kama ɓarawo ba tare da ya ce a kawo kuɗin mai ba? Ai dole su tsorata."

"Kai dai komai sai ka ce da hannun wani," in ji Malama, wadda ta koyar da lissafi har ciwo ya zaunar da ita. "Rashin kan gado ne ya kashe shi. Mutum yana ofis ɗaya shekara da shekaru, bai tsufa ba, ba furfura ba ciwon gwiwa, kuma ba wanda ya kai gulmarsa sama? A makarantarmu sabon takalmi ka sa sai an yi taro a kanka."

"To ai shi ne daɗin abin, Malama."

"Kuma matar da yake so, ko jikar jikarsa ta girme ta. Ba kunya."

"Ni mutuwarsa ce ke burge ni," in ji Direba, ya dubi robar da ke hannunsa. "Atishawa ɗaya, shi ke nan. Ba layi, ba kati, ba a ce masa ya rage gishiri."

Aka yi dariya, gajeriya. Baba bai yi ba. Yana ta kallon Auta da irin kallon da yake yi wa mai mota idan ya ce ai ƙarar jiya-jiya ta fara. Auta ta sunkuya tana gyara bargon da ba abin da ya same shi.

"Auta, yau ɗan sandana bai aiko da komai ba?"

Kafin ta buɗe baki Yaya ya matso, ya jawo kujera, ya zauna daidai tsayin idon Baba kamar yadda aka koya masa, ya haɗa yatsu.

"Ni na yi magana da shi, Baba. Kai tsaye."

"Ikon Allah. Yana lafiya?"

"Yana samun ci gaba sosai. Ya ce a gaya maka ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa fim ɗin nan ba na kowa da kowa ba ne. Ya ce kwantenar nan alama ce ta kejin da lokaci ya saka ɗan'adam. Atishawar kuma sabuwar haihuwa ce. Ya ce a taƙaice fim ne mai zurfin falsafa, kuma ya janye duk sukar da ya yi masa."

Ɗakin ya yi tsit, sai mai kiwon kaji da ke bayani a kan zawon tsaki. Direba ya kama tari. Malama ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Sista ta juya baya tana duba allon da ta riga ta duba.

Sufeton da Auta ta sani, abin da yake faɗa shi ne, "Shekara ɗari biyu yana aiki ko sajan bai kai ba, wannan ai rago ne." Ko kuma, "Dubi yadda ya ɗauki wuƙar da hannu tsirara! A ƙarƙashina da tuni yana gadin ƙofa."

"Sufeto ne ya ce falsafa?" in ji Baba.

"Da bakinsa."

"Ya janye suka?"

"Gaba ɗaya."

"Madalla," in ji Baba, ya lumshe ido.

Yaya ya miƙe yana murmushi, ya raɗa wa Auta a kunne, "Kin gani? Ya shiga matakin natsuwa." Wayarsa ta yi ƙara, ya fita baranda yana amsawa da muryar ofis.

Auta ta zauna a kujerar da ya bari. Ta fara lissafin yadda za ta gyara ɓarnar, ko ta ce zazzaɓi ne ya taɓa kan Sufeto, ko ta ce magani ne.

"Yaushe?" in ji Baba, idonsa a rufe, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaushe me, Baba?"

"Auta."

Ta dubi hannunsa, fata ta yi baƙi inda ake yawan sokawa. Ta nemi ƙaryar ta rasa.

"Tun makon da aka ce an canza masa rana."

"Ya sha wuya?"

"'Yarsa ta ce a barci ne."

Baba ya gyaɗa kai. Laɓɓansa suka yi motsi na ɗan lokaci, Auta ta ji ƙarshen addu'ar ta ce amin. A can Direba ma ya shafa fuska, Malama ta juya wajen bango. Hawaye ɗaya ya gangaro wa Baba ta gefen ido ya shige kunne, bai goge ba.

"Yaya ne ya ɓata abin," in ji Auta. "Da ni ce—"

"Ke? Ke tun saƙonki na farko kika faɗi. Kika ce wai yana gaishe ni. Mutumin nan tunda muka haɗu bai taɓa gaishe ni ba. 'Kai makaniki, ba ka mutu ba?' Ita ce gaisuwarsa."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ina so in ji daga bakin ɗan gidana ne. Kowa na zuwa yana mini murmushi kamar an ba shi ajiyata."

Injin na ta aikinsa. Tambayar da ta hana Auta barci makonnin nan ta dawo mata, ta ga gara ta fito da ita a huta.

"Baba, ranar wanki mai zuwa fa?"

Ya buɗe ido yana kallon ƙofar gilashi, inda Yaya ke kai da kawo da waya a kunne, yana sara iska da hannu ɗaya, da alama wani bawan Allah yake gaya wa matakin da yake ciki. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Kada ki gaya wa yayanki na sani," ya ce.

"To."

"Ku zo ku ɗauke ni da wuri. Kuma shi zai riƙa kawo saƙon, ba ke ba. Mutum yana raye bai taɓa yarda da ni ba, ya mutu ya fara ba ni gaskiya. Ina so in ji abin da zai janye mako mai zuwa."