Takalmin Tela

Likitar ta ɗora takalmin gudun a kan teburinta ta janye hannu. Takalmin ya ɗan yi tunani, sannan ya karkace hagu.

"Baba, shekararsa nawa?"

"Huɗu kacal," in ji tela. "Kuma ko zare ɗaya bai warware ba."

Gaskiya ya faɗa. Tun da hawan jini ya sa aka ɗora masa gudun safe, takalmin nan bai taɓa kwana da huda ba. Babban yatsa ya leƙo, ya yi masa faci da ƙyallen kaki. Baki ya zaizaye, ya bi shi da kalmasa. Ƙasan ne kawai bai taɓa dubawa ba, don allura ba ta da aiki a can.

Gwiwar dama ce ta kawo shi asibiti, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Kwana tara ke nan, in ya taka sau goma sai ya tsaya ya cije leɓe, ga kayan mutane jibge. Abin ya tsorata shi ƙwarai. Telan da ba ya taka keke, sai dai ya koma saka maɓalli.

Likitar ta kife takalmin. Ƙasan sumul kamar ragowar sabulu. Ta danna tsakiyarsa da yatsa.

"Ka gani? Taushin duk ya tafi. In ka dira ƙafa, gwiwarka ce take shan dukan."

"To a cusa masa soso mana. Ina da ragowar na kafaɗar kwat."

"Baba, ko gwiwa ko takalmi. Zaɓi ɗaya."

Da yamma ya tafi kanti, don likitar ta ce lokacin ne ƙafa ta fi cika. Ya zaro tef daga wuyansa, ya auna ƙafarsa a gaban mai kanti, ya faɗi lamba. Mai kanti ya kawo wanda ya ɗara haka.

"Ni za ka koya wa awo?"

"Wane ni, ranka ya daɗe. Amma ƙafa kumbura take in ana gudu. Sai an bar mata faɗin babban yatsa a gaba. Tashi ka taka mu gani."

Ya taka zuwa ƙofa ya dawo, yana ƙunƙunin cewa ɗinkin ba hannu a cikinsa. Ya sake zuwa, har da 'yar sassarfa. Gwiwar ba ta ce uffan ba, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan.

A gida matarsa ta ɗauki tsohon takalmin da yatsu biyu, ta tare mai sayen tsofaffin kaya da ke wucewa da kurarsa.

"Malam, ga wannan kyauta."

Mutumin ya karɓa, ya bi facin da yatsa a hankali.

"Kai! Wa ya yi wannan aiki? Hannunsa na da kyau."

Tela, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya gyara tsayuwa ya yi gyaran murya.

Mutumin ya kife takalmin ya dubi ƙasan. Ya ajiye shi a gabanta cikin ladabi, ya tura kurarsa ya yi gaba.