Injin Mai Fiffike

Duk wanda ya ƙara ba da labarin Hure yana dariya a gabana, to ya shirya jin abin da ba ya so. Matar yayana Badaru ce, katanga ɗaya ta raba ɗakina da nata, kuma a idona aka yi komai. Masu dariyar nan ƙarshen zance kawai suka tsinta a bakin kasuwa.

Motar da ta jawo labarin ta mahaifinmu ce, Alhaji Muhammadu Sani. Lokacin da gyaɗa ke da daraja shi ke sayenta a ƙauyukan tsakanin Makoda da Ɗanbatta yana kaiwa Kano, har Allah ya hore masa ya sayi wata doguwar mota ƙirar Amurka, Impala, a hannun wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa. A bayanta akwai ƙarafa biyu da suka baje kamar za ta tashi sama, shi ya sa garin nan ya raɗa mata Mai Fiffike. Da aka yi fari, cuta ta bi gyaɗa, cinikin ya mutu, motar ma ta kwanta a bayan gida kaji suna ƙwai a kujerunta. Baba ya rasu, aka zo rabon gado, kowa idonsa na kan gona da shanu, sai Badaru ya ce a sa masa motar a rabonsa. Babban yayanmu Mati ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ashe akurki kake nema."

Badaru bakanike ne, a garejin Ɗanbatta ya koya. Amma aikin gareji a ƙauye ba ya riƙe gida, don haka duk shekara da an gama girbi sai ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani Legas, ya yi ta kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, sai hadari ya fara haɗuwa ya dawo. Rabin shekara Hure ba ta da miji. Ita ce jinyar yara, ita ce neman abin da za a ɗora, ita ce amsa gaisuwar masu tambaya ko an ji labarinsa. Alkawarin da ya yi mata ɗaya ne: ranar da Mai Fiffike ta hau titi, zai riƙa ɗaukar mutane da kaya daga Ɗanbatta zuwa Kano, kullum ya kwana a ɗakinsa, shi da Legas kuma har abada. Hure ba ta damu da mota ba ko kaɗan. Mijinta take so a gida.

Da injin ya fara. Ya sauke shi ya warware kaf a kan buhunan da ya shimfiɗa ƙarƙashin rumfa, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir kamar mai wankan jariri. Fistin takwas gare shi, ga kuma irin motar ta ƙare a ƙasar nan, ba a kawo kayanta. Duk dawowa daga cin rani sai ya zo da wani abu a naɗe cikin tsumma, ringi ko bawul ko wani ƙaramin ƙarfen inji, maimakon atamfar da matan mutane ke samu. Manyan kayan ciki kuwa a jikin wata matacciyar 'yar'uwarta ya cire su a Kano, wadda mai ita ya rantse ita ce ta ƙarshe da ta rage.

Da ya haɗa, bai bar shi yadda Turawa suka yi shi ba. Ya shafe gangar jikin da koren fenti irin ganyen gyaɗa, don tunawa da Baba. Wayoyin fulogi ya kai wa baduku ya naɗe su da jar fata. Murfin da ke saman kafireto ya ɓata tun tuni, sai ya lallaɓa ɗakin Hure ya ɗauke murfin langarta mai furanni, ta cikin jerenta na aure, ya huda tsakiya ya ɗaura. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Na ce mata ta yi haƙuri, ai ba kowace mace ake ɗora kayan ɗakinta a kan inji ba, ta wurgo mini muciya.

Ranar da injin ya tashi, ni kaina na yi ƙwalla. Wata irin murya ce mai kauri, ƙasa-ƙasa, wadda rabonmu da ji tun muna yara muna jiran Baba ya dawo daga Kano. Tsofaffin unguwa suka shigo babu ko sallama.

Saura tayoyi da giyar motar, wadda haƙoranta suka kakkarye. Shekarar kuwa ita ce wadda damina ta ɗauke hatsi yana tsaka da fitar da kai, a birni ana bin layin sabulu da madara, a ƙauye ana auna dusa da kwano. Badaru ya ce cin rani ɗaya ya rage masa.

Bai yarda ya bar makullin a hannun kowane namiji ba, ya san halin 'yan'uwansa. Hure ya kira bayan gida ya koya mata, ni ina zaune a kan turmi ina kallo.

"Duk Juma'a, in an tafi masallaci, ki tayar da ita ta ɗan yi zafi, sannan ki kashe. Inji in ya daɗe a zaune ciwo yake yi."

"To, Malam."

"Kafin ki murɗa makulli, ki zaro wannan sandar ki goge, ki mayar, ki sake zarowa. Kin ga wannan zanen? Kada mai ya sauka ƙasa da shi. Tana ɗan ɗiga ta ƙasa, in na dawo zan gyara. Ga galan na baƙin mai, ga jarkar fetur. Komai za ki manta, kada ki bar ta da ƙishin mai. Shi ne ranta."

Ta maimaita masa sau biyu, ya ce ta fi yaran garejinsu kai.

Bai yi wata guda da tafiya ba Mati ya yi sallama. Injin niƙansa ya tsaya, ya ji an ce akwai baƙin mai a gidan ƙaninsa, aro yake so, ranar kasuwa zai mayar. Ku gaya mini, wace mace ce a ƙasar nan za ta dubi yayan mijinta ta ce masa a'a? Daga bayan labule ta ce a miƙa masa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Da na je na yi masa magana, cewa ya yi ba ya son rashin kunya, ai duk dukiyar ubanmu ce.

Man da ke cikin motar kuwa yana ta sauka. Hure ta aike ni kasuwar Ɗanbatta, na zaga har rumfunan masu kayan babur, ko na magani babu. Wanda ya ce yana da shi a ɓoye, da na leƙa gwangwanin sai na ga tsohon mai ne da aka tsiyaye daga wata motar, har da yashi a gindinsa. Na dawo hannu biyu. Juma'ar nan na same ta tsugune gaban mota da sandar a hannu, ƙarshenta kawai ya jiƙe. In ta tayar babu mai, ta karya maganarsa. In ta bar ta a zaune, ta karya ɗayar.

Hure mai ƙuli-ƙuli ce, kuma a unguwarmu ba mai tatsar mai kamarta. 'Yar gayaunarta ta ba ta gyaɗa buhu guda da ƙyar a wannan shekarar, ita take juyawa tana sayen gero. Sai ta soya, aka niƙo, ta murza, ta kwashi man fari, wanda ake ajiyewa don baƙi, ta tace shi a farin ƙyalle har sau biyu, ta zuba wa Mai Fiffike. Ta zaro sanda, mai ya hau kan zane. Ta murɗa makulli, injin ya tashi lafiya lau, bayan gidan ya ɗauki ƙanshi kamar ana suyar ƙosai.

Masu dariya, a nan suke fara dariyarsu. To ni ban ga abin dariya ba. Da man gyaɗa muke shafa wa keken ɗinki, da shi muke kashe kukan ƙyaure, da shi muke shafa jikin jarirai. Wanda aka ce a zuba baƙi ne mai wari, nata kuwa garau yake kana ganin fuskarka a ciki. Duk macen da ke garin nan, a ranar, cewa za ta yi motar ta samu ci gaba.

Haka ta yi ta yi har rani ya ƙare. Motar na ɗiga, ita tana ƙarawa. Ƙuli-ƙulin take sayarwa, man kuwa ko cokali ba ya zuwa kasuwa, ba ya shiga miya. Na ga yaranta suna cin tuwon dusa da miyar kuka fara fat. Na ga warwaron hannunta yana zamewa har ya kusa fita da kansa. In na yi magana sai ta ce, "Huseina, bana ce kaɗai. Baɗi war haka yana gida."

Ya dawo ana gab da shuka, a bayan wata akori-kura, zaune a kan tayoyi huɗu da giya a cikin buhu. Ya rame, yana tari, amma bakinsa har kunne. Washegari da hantsi ya nufi bayan gida, mu kuma muka bi shi. Ya buɗe bonet, ya shafa koren fentin, ya zaro sandar. Abin da ya biyo ta ba mai ba ne. Wani abu ne mai yauƙi yana jan zare kamar maɗi. Ya murza a yatsa, ya kai hanci.

Hure ba ta jira ya tambaya ba. Tana murmushi ta ba shi labari duka, na Mati, na kasuwa, na gyaɗarta. "Man fari ne, Malam, ko ɗigo ban sayar ba. Ban bar ta da ƙishi ba ko Juma'a ɗaya."

Ya daɗe yana kallon yatsansa. Sannan ya dubi hannunta, ya dubi yaran da ke raɓe a jikin katanga. Na san yayana, mutum ne mai zuciya, ya taɓa marin wani don ya jingina keke a jikin motar nan. Na jira tsawa. Sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Hure. Allah ya yi miki albarka."

Ya sauke injin a ranar. Ashe man gyaɗa in ya sha zafi ya huce, ya sake shan zafi, daskarewa yake kamar ɗanko. Ya toshe duk ƙananan hanyoyin da mai ke bi, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe a bushe, a hankali, duk Juma'a. Kayan nan da ya ciro a jikin mota ta ƙarshe sun zaizaye sun yi zane-zane. Ya je Kano neman madadinsu ya dawo, ya sake komawa ya dawo, fuskarsa kawai ta ishe ni amsa. Ni ya gaya wa cewa injin ya mutu ke nan, a bakin rijiya, ya ce in na bari Hure ta ji bai yafe ba. Ita kuwa ce mata ya yi giyar da ya sayo ce ba ta yi daidai ba.

Amma Hure ba yarinya ba ce. Wanda zai gyara giya me ya kai shi warware inji? Ita ke wanke masa kaya, kuma ta san warin manta ko a cikin dubu. Ta daina zuwa bayan gida. Ta daina tatsar mai ma gaba ɗaya. Mati kuma, wanda ya kamata ya ɓoye fuskarsa, shi ya fara kai labarin majalisa, wai a gidan ƙaninsa an soya mota.

Aka yi shuka, aka yi noma, amfanin bai taka kara ya karya ba. Badaru ya sayar da tayoyin ya sayi gero ya zuba a rumbu. Tun ba a gama ɗaure dawa ba ya sauko da jakarsa, ya ce a wannan karon mai garejin da yake wa aiki a Legas ya ce sai dai ya zauna shekara cur, in ba haka ba a ba wani gurbinsa.

Safiyar da zai tafi ina tsakar gidan. Ta kawo masa fura a kwano, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Malam, man ne ko?"

"Wane mai? Na ce miki giya ce. Kuma ita ma motar ta tsufa, ƙarfe ne, yana da iyakarsa."

"Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ka ce ta tsufa ba."

Ya shiga juya ludayi a cikin furar.

"Don Allah ka yi mini faɗa," in ji ta. "Ka zage ni, ko sau ɗaya. Ka ce ni na kore ka. In ka tafi da wannan sannu taka, ban san inda zan ajiye ta ba."

Ya buɗe baki, na ga yana nema da gaske, yana neman ko kalma ɗaya mai zafi da zai ba ta ta samu sauƙi. Bai samu ba. Hawaye suka zubo masa cikin gemu, namiji babba, a gaban ƙanwarsa. Ya ajiye kwanon bai sha ba, ya rataya jaka, ya ce mini, "Huseina, ga amanar gida nan."

Muka ji takunsa a zaure, muka ji ya gaisa da wani a ƙofar gida, daga nan shiru. Hure tana nan durƙushe inda ya bar ta. Na kama ta zan ɗaga, sai ta riƙe mini zani da hannu biyu, ta ce, "To ke ki yi mini." Ni mai bakin da duk garin nan ke tsoro, sai na zauna a ƙasa kusa da ita muka yi ta kuka.