Gawar Soulié da Ƙofar Ganuwa

Shekara arba'in da ɗaya mabuɗin ƙofar ganuwar Puybarrac yana hannuna, ni Firmin, kamar yadda ya zauna a hannun ubana. Masu rai suna da titinsu ta inda ganuwa ta rushe. Wannan ƙofa ba a buɗe ta sai don gawa, domin maƙabartarmu tana bayanta. Kowa ta nan yake fita, ban da 'yan gidan Soulié. Su zagayawa ake yi da su ta hanyar awaki, ta bayan juji, saboda an ce shekara ɗari shida da suka wuce, zamanin yaƙi da Ingila, kakansu ne ya buɗe wa mahara gari.

Léontine ce kaɗai ta rage a gidan. Ta girme ni da shekara huɗu, tana sayar da cukun akuya ranar kasuwa, bakinta kuwa ya fi wuƙar cukun kaifi.

"Sannu mai gadin matattu," haka take gaishe ni. "Ka shafa wa mabuɗinka mai? Na kusa zuwa."

"Ke da ko mutuwa tsoron bakinki take yi?"

"Ba wasa nake ba, Firmin. Na bi uwata ta bayan juji, na ga masu ɗaukarta suna toshe hanci. Ni ta ƙofa nake so."

Nakan ce mata doka doka ce. Abin da babba ya dasa, yaro ba ya tugewa.

Damina ta shekarar da aka sa wa coci sabuwar ƙararrawa, wani malamin tarihi ya sauka garinmu, Malam Tardivel, dogo mai ciwon baya. Ya ce shi ba sarakuna yake bi ba, so yake ya san yadda talaka ya ci ya sha lokacin da yaƙi ke bi ta kan gonarsa. Ya auna ƙofata, ya leƙa ramukan kibiya, ya ji labarin Soulié daga bakina. Ya tafi. Bayan wata biyu ya dawo daga Paris da hoton wata tsohuwar takarda, ya shimfiɗa ta a teburina, ya ture kwanon miya gefe.

"Wannan takardar yafiya ce daga sarki," in ji shi. "Baba Firmin, ka zauna."

"A gidana kake ba ni wurin zama? Karanta."

Ya karanta, yana juya mini ita zuwa maganarmu ta yau. Sojojin haya ne da aka sallama, suka kafa sansani a kan tudu, suka hana kowa fita. Alkama ta nuna tana zubewa, gari yana kallo daga kan ganuwa. Sai magidanta duka suka taru a coci, suka yarda a buɗe ƙofa, a ba mahara burodi da giya da alfadarai, su kuma su bar mutane su yi girbi. Guilhem Soulié aka aika da mabuɗi saboda yana jin yarensu. Da rundunar sarki ta iso tana tambayar wa ya ciyar da abokan gaba, gari ya miƙa shi, aka rataye shi. Sauran suka nemi yafiya, aka jera sunayensu.

"Haka ƙauyuka da yawa suka yi," in ji malamin. "Yunwa ba ta san tutar kowa ba."

Na ce ya karanta sunayen. Na uku sunan gidanmu ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Mu shekara ɗari shida muna tsaye a kan namu.

Ni da kaina na kai shi wurin Léontine. Ta saurara har ƙarshe, hannunta cikin madara.

"To, Malam," ta ce, "takardar nan za ta iya ɗaukar akwatin gawa?"

Ya yi dariya, ya ce zai yi wa gari bayani. Ya kuwa yi, a zauren magajin gari, ranar Lahadi bayan coci. Zaure ya cika. Aka tafa masa, aka sha giya, aka ci tsiran alade. Magajin gari Gaston Bessière ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, ka ɗaga sunan garinmu." Da na tambaye shi zancen gawa, sai ya ce za a kafa kwamiti.

"Kwamitin me, Gaston? Ba ka ji sunan kakanka ba? Shi ne na bakwai."

"Kai dai ba ka tsufa da sauƙi, Firmin. A bar kaza cikin gashinta."

Léontine ta rasu bayan an gama tsinkar inabi, kwamiti bai zauna ba. Na buga wa malamin waya, ya biyo jirgin ƙasa ya zo da takardarsa a jaka. Da safe na sa baƙar rigata, na buɗe ƙofa gaba ɗaya, na danne kowane ɓangare da dutse. Fada, limamin cocinmu, ya ce shi inda akwati ya bi nan zai bi.

Mutum huɗu ke ɗauke da ita, Raoul mahauci a gaba. Suka sauko daga coci har mararraba, inda hanya ta rabu biyu. Na ɗaga mabuɗi sama.

"Nan, Raoul! Ga ta a buɗe!"

Ya tsaya. Ya dubi ƙofa, ya dubi matan da ke bayansa, uwarsa tana cikinsu da sandarta.

"Baba Firmin, ba ni na fara ba," ya ce a hankali. "Kada a ce ni na karya."

"Ɗan banza, da kunnenka ka ji! Har tafi ka yi!"

Malam Tardivel ya matso yana buɗe jaka, yana cewa, "Jama'a, a rubuce yake." Babu wanda ya musa masa. Babu kuma wanda ya dube shi. Sabo turken wawa. Na jefar da mabuɗi na kama hannun akwatin na ja, amma shekara saba'in da tara ba ta jan komai, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamin ya sunkuya zai taimake ni, bayansa ya riƙe, ya tsaya a lanƙwashe kamar lauje. Raoul ya zare yatsuna daga akwatin ɗaya bayan ɗaya, da ladabi, kamar yana raba yaro da wuƙa.

Suka juya hagu, suka bi hanyar awaki. Daga inda nake ina jin takalmansu suna santsi a kan kashin awaki, ina jin wani yana cewa a yi hankali da gangara.

Malamin ya zauna a kan dutsen da na danne ƙofa da shi, takarda a gwiwarsa.

"Zan sa sunanta a littafin," ya ce.

Na tsinci mabuɗina daga ƙasa, na tsaya a bakin ƙofa ina jira, har ƙararrawa ta yi shiru.