Buhu Biyu da Ɗan Ƙari

Dogo ake ce masa, kuma duk wanda ya raɗa masa sunan nan sai Allah ya tambaye shi, domin mutumin ko kantar shagonsa sai ya yi ɗage yake leƙo kai. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi. Yana da tsohon babur guda da mata guda, Maman Biyu, wadda Allah ya yi wa jiki bai yi rowa ba. A ɗakin wanki na asibiti take aiki. Kullum shi yake kai ta da safe, ya ɗauko ta da yamma, tun 'yan biyunsu suna goye har ga su yanzu a makarantar kwana.

Shokazoban babur ɗin, masu shanye girgizar rami, sun daɗe da mutuwa, gawarsu kawai ake yawo da ita. Hanyar asibiti kuwa rami ne ke bin rami. Duk wanda suka faɗa sai ka ji gwaf, kujera ta sauka kan taya. Maman Biyu ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai ta damƙe masa riga ta ja iska ta haƙori. In sun dawo gida ta kwanta a kan siminti, hannu a ƙugu, ta ce ai wanki ne. Dogo ya san ba wanki ba ne. Ranar da ya ga ta kama ƙofa da hannu biyu kafin ta iya miƙe bayanta, abinci bai wuce masa ba. Ya ƙudura zai gyara abin a ɓoye, sai dai kawai ta hau ta ji laushi.

Kuskurensa na farko shi ne inda ya kai sirrin. Bakaniken layinsu Rediyo ake kiransa, ba a kashe shi, ba a rage masa murya.

"Ka zo gidan magani," in ji Rediyo. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin benci, ya fito da shokazoba biyu masu jan sifirin, kauri kamar damtsen maƙeri. "Waɗannan ba na kamfanin babur ɗinka ba ne, sun fi na kamfani. Ga kuma sifirin na gaba, da za mu zura cikin sandunan da ke riƙe da tayar gaba. In ka gyara baya ka bar gaba, da ka taka birki babur zai yi maka sujada. Amma sifirin kamar takalmi ne, kowa da lambarsa. Kai dai na gan ka, da ƙyar ka kai buhun siminti ɗaya. Madam fa?"

"Madam me?"

"Nauyinta, mana."

Shekara da shekaru suna tare, Dogo bai taɓa kawo wa ransa wannan tambaya ba, don yana son ransa. Ya ce bai sani ba.

"Kwatanta min da buhun siminti."

Dogo ya duba hagu, ya duba dama. Ya matso, ya rage murya. "Biyu," ya ce. Gaskiya ta ci shi, ya ƙara da cewa, "da ɗan ƙari."

Rediyo ya miƙe, ya sa hannu a baki ya kwaɗa kira zuwa tsallaken titi. "Mai siminti! Aro mana Maman Biyu! Buhu biyu! Ɗan ƙarin mu cika da bulo!"

Mai faci ya saki tayar da ke hannunsa. Mai walda ya ɗaga gilashinsa don ya yi dariya da kyau. Shi ma Dogo, da ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya washe baki ya taya su. Wannan dariyar ita ce kuskurensa na biyu, kuma ta fi na farko tsada.

Aiki dai Rediyo ya iya, ba a raba shi da wannan. Ya kwance sandunan gaba, ya tsiyaye wani baƙin mai mai wari, ya zare tsofaffin sifirin da suka lanƙwashe, ya zura sababbi, ya zuba sabon mai. Ya ɗaura jajayen a baya. Aka ɗora buhu biyu da bulo guda a kan kujerar Maman Biyu, aka ɗaure da roba. Dogo ya hau, babur ya sauka a hankali, tafin ƙafarsa ya zauna daram a ƙasa. Ya zaga layin, yana neman rami da gangan. Wayyo daɗi! Kamar a kan katifa. Har ƙwalla ya ji, yana tuna bayan matarsa.

Da aka sauke simintin kuwa, babur ya miƙe tsaye. Dogo ya miƙa ƙafa bai ji ƙasa ba. Ya miƙa yatsu, nan ma shiru.

"Sabo ne, zai kwanta," in ji Rediyo. Ya riƙe masa kariya, ƙarfen ɗaura kaya na baya, ya tura shi kan hanya.

Akwai dakali a ƙofar asibiti, a nan ya dafa ƙafa ya tsaya, yana ta murmushi. Abin da bai sani ba shi ne matar mai faci a ɗakin wankin nan take aiki, kuma mai faci yana da waya. Maman Biyu ta fito da jakarta. Ta dubi jajayen sifirin, ta dube shi.

"Baban Biyu," ta ce, murya a sanyaye, "ɗan ƙarin nan bulo ɗaya ne ko biyu?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"An ce har da kai a masu dariya."

Ta tsayar da tasi ta shiga. Ba gida ta nufa ba, gidan Yayarta ta wuce.

A danjar farko a hanyar komawa ya faɗi. Ya taka birki, ya miƙa ƙafa bisa sabo, ƙafa ta taka iska, shi da babur suka kwanta a gaban wata motar makaranta, salansa ta manna masa tambari a ƙwauri. Yaran motar suka tafa masa.

Daga ranar Dogo ya koyi garin sabon koyo. Ya san inda kowane dakali yake, da kowane kututture, da bakin kowace kwata. Daga dakalin ƙofar gidansa yake hawa, a kan juyayyen bokitin ƙarfe yake sauka a shago. In ya hango danja ta yi ja, sai ya riƙa jan babur a hankali yana lanƙwasa kamar mai maye, yana roƙon Allah ta canja. In ta ƙi, ya karya kwana ya bi wata unguwa da ba shi da kowa a cikinta. In mai kawo gyaran fanka ya ɗaga masa hannu a hanya, sai dai ya ce, "Same ni a shago!" ya wuce.

Ya koma wurin Rediyo kamar zai ci shi ɗanye. Ya ce a mayar masa da tsofaffin.

"Tsofaffi? Ai 'yan gwangwan sun tafi da su tun ranar."

"To sassauta waɗannan."

"Suna kan sassauci na ƙarshe. Malam, don mutum biyu aka yi saitin nan. Ko ka nemo matarka, ko ka nemi siminti."

Sai Dogo, da yake wahala ta toshe masa kai, ya tsallaka titi ya sayi buhu biyu. Ya ɗaure su a bayan babur, har ya lulluɓe da tsohon zanin gado saboda ruwa. Ƙafarsa ta dawo ƙasa, mutuncinsa ya ƙarasa zubewa. Duk inda ya gifta sai ka ji, "Dogo, a gaida amarya!" Labari bai kwana ba ya isa gidan Yaya.

Ya kira wayar Maman Biyu har yatsansa ya gaji. Gidan ya yi masa faɗi. Yakan zauna ya zuba wa wurin da take kwanciya a siminti ido, tsoro ya kama shi, domin bai taɓa zama a duniya ba tare da matar nan ba tun yana saurayi, kuma bai san yadda ake yi ba. Da aka ɗauki wayar a ƙarshe, muryar Yaya ya ji.

"Mun ji ka yi sabon aure, Allah ya sa albarka. Gobe zan aiko mota a kwashe kayan ƙanwata, ka sami wurin ajiye amaryar."

Ya san Yaya. In ta ce gobe, to har direba ta riga ta biya. Bai tsaya rufe shago da kyau ba. Ya je gida, ya kwance buhunan ya jingine su a bango, don ko mahaukaci ba zai je roƙon mace da su a baya ba. Ya taka dakali ya hau.

Sai da ya shiga layin Yaya ya tuna irin unguwar. Sabuwa ce, babu kwata, babu dakali, ko dutsen kirki babu. Fili ne shimfiɗe a gaban gidan, da wata 'yar bishiya a tsakiya da aka kewaye da waya mai ƙaya saboda awaki. Jikin katanga kuwa mata ne jere a inuwa: Yaya, maƙwabtanta, da Maman Biyu a kan kujera da matashin kai a bayanta. Wannan matashin ya soke shi a zuciya. Ya rage gudu, ya nemi wurin dafa ƙafa, bai samu ba. Faɗuwa a gaban Yaya kuwa gara a ce ya mutu a hanya. Sai ya zagaya bishiyar.

"Sannunku da hutawa!" ya ce, ya wuce.

Mata suka bi shi da ido. Ya zagayo.

"Yaya, ina wuni!"

"Sauko mana ka gaishe mu kamar mutum," in ji Yaya. Kafin ta rufe baki yana bayan bishiya.

"Maman Biyu, na yi laifi!" Ya wuce. Ya dawo. "Dariyar nan, ban san na yi ta ba!" Ya wuce. Ƙura ta fara tashi. "A'a, na sani! Kunya ce ta sa ni!"

"Wannan wane irin iskanci ne?" Yaya ta miƙe, hannu a ƙugu. "Ka zage ta a kasuwa, ka zo kana mana wasan babur a ƙofar gida?"

"Ba don nauyinki na saya ba!" Zagaye. "Don bayanki ne!" Zagaye. "Ina jin ki kina jan iska a kowane rami!" Zagaye, kansa ya fara juyawa. "Kina cewa wanki ne! Na san ba wanki ba ne!"

Maman Biyu ba ta motsa ba, amma ta daina kallon gefe. Injin ya yi tari. Dogo ya laluba ya murɗa makunnin fetur zuwa rizab, ɗan ragowar man ajiya, sai ya tarar tun jiya yana can.

"In kana da magana ka tsaya ka faɗe ta!" Yaya ta daka masa tsawa.

Ya zagayo, gumi har cikin ido, ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Ba zan iya tsayuwa ba sai da ita!"

Wata maƙwabciya ta dafe ƙirji. "Oh ni! Shekarata nawa da aure, ko a mafarki ba a taɓa gaya min irin wannan ba." Ita kanta Yaya ta koma ta zauna.

Maman Biyu kuwa ƙafafunsa take kallo, 'yan guntaye, suna reto a iska suna neman ƙasa, ga ƙuna a ƙwauri ko magani bai sa ba. Ta gane maganar ba ta soyayya ba ce, zancen sifirin ne tsagwaronsa. Dariya ta taso mata, ta danne, sai ta fito mata ta ido.

Injin ya sake tari, ya yi shiru. Babur ya taho a kan saura gudunsa, yana tangaɗi, ya nufo katanga. Dogo ya runtse ido, ya zaɓi gefen da babu ƙuna.

Bai faɗi ba. Wani abu ya riƙe kariya ta baya, babur ya tsaya cak. Ya ji Maman Biyu ta dafa kafaɗarsa, ta tattare zani, ta hau yadda ta saba. Jajayen sifirin suka sauka a hankali, babu gwaf, babu komai. Tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, na dama da na hagu, har dunduniya. Ya zauna haka bai juya ba.

Ta ɗan motsa a kan kujerar, ta danna, kujera ta karɓe ta ta dawo da ita. Ta sake dannawa.

"Ba laifi," ta ce. Sannan ta matso kusa da kunnensa. "Bulo ɗaya ne ko biyu?"

"Ɗaya," ya ce da dasasshiyar murya.

"Rowa ka yi min, biyu ne." Ta damƙe masa riga. "Yaya, a sallami mai motar nan. A aika a sayo mana mai a galan."

"To ki sauko ki jira a inuwa mana," in ji Yaya.

"In na sauka faɗuwa zai yi," Maman Biyu ta ce, ta gyara zama a cikin rana.