Zanen da Aka Yanke wa Wuya

…kuma ai ba wuƙa ta ɗauka ba. Gawayi ne. Guntun gawayi daga bakin murhu, wanda bai kai ɗan yatsa ba. Wa aka taɓa kaiwa gaban alƙali a kan gawayi? To me ya sa yau mako uku Lubabatu ko tuwo ba ya wuce mata sai da ruwa?

Ga ta nan zaune a kan tabarma, cikin ajin da ake ara wa Malama Rukayya kowace Asabar da hantsi, a bayan wata firamare a Rano. Yara biyar, iyaye mata biyar. Can gefe wata yarinya tana murza yumɓu tana dariya ita kaɗai. Wani yana buga gwangwani da kara, Malama tana amsa masa da tafi, bugu ɗaya tafi ɗaya. Amiru kuwa, ɗanta, ɗan farinta, shekara bakwai bai taɓa cewa ko "Inna" ba — ga farar takarda a gabansa, ga fensira masu launi an jera masa yadda yake so, ja a farko, baƙi a ƙarshe. Hannayensa biyu a cuse cikin hammata. Gaba, baya. Gaba, baya. Ko kallon takardar ba ya yi.

Asabar ta uku ke nan.

Ɗazu Malama ta durƙusa kusa da ita ta yi ƙasa da murya. "Maman Amiru, ko wani abu ya canza a gida? Ko an sauya masa wurin kwana?" Ta ce a'a. To ƙarya ta yi? Ai ba a sauya ba, gadon karan yana inda yake… Kai, Lubabatu, ki ji tsoron Allah! Takardar zanensa na ƙarshe tana nan ninki huɗu, ƙulle a haɓar zaninta, ta zo da ita Asabar uku, ta koma da ita Asabar biyu. Daga Unguwar Gai zuwa Kibiya a ƙafa, daga Kibiya zuwa nan a bayan a-kori-kura cikin buhunan masara, ita da yaron da takardar.

Ina ne ba a kai shi ba? Rubutu ya sha har haƙoransa suka yi duhu. Hayaƙi ya shaƙa. Wata tsohuwa a Zinyau ta dube shi sau ɗaya ta ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin rafi a juya baya, danginsa za su zo su ɗauki abinsu. Ranar Maharazu, uban yaron, mutumin da ko akuya ba ya yi wa tsawa, ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce su tafi. Ita kuwa… Ta tsaya sauraro. Wannan ma wani kaya ne, a bar shi tukuna, ba yau ba.

Sai Malama Rukayya. Ta yi karatun irin yaran nan a birni, ta kira abin da wani suna, otizim ko mene ne, ta ce ba aljanu ba ne, ba asiri ba ne, haka Allah ya gina kansa. Ta ce wanda bakinsa ya ƙi, a ba hannunsa dama. Lubabatu a ranta ta ce to, 'yar boko, mun ji. Mu da muka ga malamai masu rawani, sai fensir?

Fensir ɗin kuwa.

Ran farko rumbu ya zana. Rumbun gidansu, ba na kowa ba, har da tsagar nan ta gefe da Maharazu yake ta cewa zai yaɓe. Sai ƙafar keke. Sai kunyoyin gona, layi bayan layi, har takarda ta cika. Duwatsun Rano da yake gani daga bayan mota. Wata bakwai yana zanen abubuwa, kuma gidan ya sarara — buga kai a bango ya ragu, in ruwa yake so sai ya zana randa ya ajiye a gabanta ya juya. Randa! Shekara shida tana cankar abin da ke damunsa kamar mai duba, ashe randa ce kawai. Malama ta ce ku jira, wata rana zai zana mutum. Ranar da ya zana mutum, ku sani ya leƙo waje, ya ga akwai wani tare da shi a duniyar nan. Ki kawo mini takardar, in ji ta, ko da ruwa ake da ƙanƙara.

To ga ta ta kawo. Ga ta a haɓar zani.

Alhamis ce, bayan la'asar. Tana tankaɗe a tsakar gida, shi yana kwance ruf da ciki a inuwar rumbu da fensiransa. Sallama — Yaya Tani, yayar Maharazu, daga Islamiyyar matan aure, hijabi har ƙasa, jakar littattafai a hammata. Tun da aka ƙaddamar da shari'a Yaya Tani ta zama ba a tari a gabanta sai ta kawo hadisi. Ba muguwa ba ce, wallahi ba muguwa ba ce, ita ta yi jinyarta wata biyu lokacin haihuwar yaron nan. Ta leƙa kansa kawai, sai salati. "Lubabatu! Mutum yake zanawa! Kina zaune? Ranar gobe ƙiyama a ce ya busa masa rai, da me zai busa? Mala'ikun rahama ma ba sa shiga gida mai wannan."

Mutum.

Kalmar da take jira wata bakwai, ga ta ta zo a bakin Yaya Tani, da salati a gabanta. Me ya hana ta guɗa? Me ya hana ta ce Yaya, bari in gani tukuna? Ɗan fari ne, ba a rawar kai a kan ɗan fari, balle a gaban dangin miji, ko sunansa ba ta kamawa, sai "yaron nan". Kuma dama ana ta ƙus-ƙus, wai tana kai shi wurin 'yar boko ana koya masa kiɗa da gumaka. Sai ta ji kunya. Kunya fa! Ta ajiye rariya, ta ɗauki gawayi. Ai kowa ya san maganin abin, tun suna aji uku malaminsu ya koya musu: in ka zana mai rai, sai ka ja layi a wuyansa, ka yanke, ya zama ba mai rai ba, shi ke nan ka fita. Sun yanke wuyan kaza, sun yanke wuyan doki, suna dariya. Abu mai sauƙi.

Ta sunkuya ta kansa. Ƙiiit. Daga hagu zuwa dama.

Sai da gawayin ya gama wucewa idonta ya sauka sosai. Mace ce. Rariya a hannunta. Ɗankwali mai ɗigo-ɗigo. Wushirya — har wushiryar ya sa, 'yar ƙaramar ƙofa tsakanin haƙora biyu. Tabon ƙunar man gyaɗa a bayan hannun hagu, daidai inda yake, daidai girmansa. Yaron da bai taɓa haɗa ido da ita ba. Yaron da take cewa a ranta ni da turmi ɗaya muke a wurinsa. Yaushe ya kalle ta? Da wane ido? Shekara nawa ya yi yana tara ta kaɗan-kaɗan ta gefen ido, ita tana can tana kukan ba ya ganinta?

Yaya Tani ta ce yawwa, ko ke fa, ta tambayi ko akwai ragowar daddawa.

Bai yi ihu ba. Da ma ihun ya yi. Yatsa ya sa a baki ya jiƙa da yawu, ya hau goga layin, yana goga, yana goga, gawayin yana ƙara bajewa, wuyan yana ƙara baƙi, har takardar ta huje. Ya tsaya. Ya dubi hujin. Ya cusa hannayensa a hammata.

Nan cikin ajin, mai gwangwani ya gaji, ya kwanta a cinyar uwarsa. Zafi ya fara sauka daga kwanon rufi. Ta taga ana hango bangon makarantar, fastocin 'yan takara an manna wani kan wani tun zaɓen bana, mai hula, mai murmushi, mai ɗaga yatsa biyu. Duk garin fuskoki ne, har jikin shagon mai shayi, har ƙofar gidan Yaya Tani ma akwai ɗaya. Wa ya yanke musu wuya? Kowa da wuyansa lafiya lau. Sai na yaron da ko salla ba ta hau kansa ba, shi aka ga ya kamata a tsare wa lahira… A'a. Daina. Kada ki ɗora wa Yaya Tani, ita ta faɗi abin da ta ji ne, ta ma manta. Hannun wa ya ɗauki gawayi? Kuma don Allah kika yi? Faɗi gaskiya, ba mai jin ki. Don Allah, ko don kada a ce?

Don kada a ce.

Tun ranar yake hukunta ta, haka take gani, kuma ta ce ya yi daidai. Washegari tana wanke-wanke ya zo ta baya ya fizge sarƙar tsakiyar da ke wuyanta, baƙar nan ta gadon kakarta, zaren ya tsinke, duwatsun suka watse cikin ƙasa. Ta ɗaga hannu — ta sauke. Gawayi kuma ya daina kwana a murhu. Kullum ta tashi babu, sai ran nan ta tarar da shi tuli guda a bayan rumbu, an tona rami an binne, an daddanna ƙasa a kai. In ta ɗauko hijabi za su fita, sai gurnani, sai ya riƙe bakin hijabin yana ja. Yana bin ta ko'ina, rijiya, madafa, ya tsaya taku uku daga ita ya zuba wa ƙasan haɓarta ido. Maharazu yana murna, wai yaro ya fara sabo da uwarsa. Bai sani ba. Ta yaya za ta gaya masa, shi da ya sayar da tunkiya ya sayo fensiran?

In ta faɗa wa Malama fa? Matar nan ba za ta yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Za ta buɗe takardar a hankali, ta ga abin da take jira, ta ga abin da aka yi masa. In kuma ita Lubabatu ta ci gaba da ɓoyewa, Asabar ta huɗu, ta biyar, randa ta tafi, rumbu ya tafi, a koma buga kai a bango, a koma canka. Ƙofa ɗaya tak yaron nan yake da ita, ya buɗe ya leƙo, wadda ya fara nema ita ta…

Gaba, baya. Gaba —

Ya tsaya.

Hannu ɗaya ya fito daga hammata. Fensir, ya Allah fensir, ko baƙin ne, ko layi ɗaya ne. Hannun ya wuce ja, ya wuce kore, ya wuce takardar baki ɗaya. Gwiwa bibbiyu ya matso. Amiru, wanda in aka taɓa shi sai ya zabura kamar an ɗiga masa ruwan zafi, ya kama bakin hijabinta ya ɗaga, ya cusa kansa ciki. Tana jin numfashinsa a ƙirjinta. Ba ta motsa ba. Zai yaƙushe ta? Ya yaƙusa, ta cancanta.

Wani abu mai ɗumi, jiƙaƙƙe. Yatsa. A wuyanta, daga hagu zuwa dama. Ya koma baki, ya dawo. A hankali ƙwarai yake yi wannan karon, kamar mai tsoron kada ya huje.

Goga yake yi.

Tsakiyar… baƙin zare a wuya. Gawayin da aka binne. Hijabin da ke ɓoye masa wurin. Wayyo Allah, wayyo ita, ashe ba fushi ba ne. Gadi yake yi. Mako uku yana gadinta. Ya zana ta sau ɗaya an yanka, to ta yaya zai sake ɗaukar fensir? Wa kuma zai zana a yanka — Baba? Ita tana can tana lissafin ko zai yafe mata, shi yana nan yana ganin hannunsa ne ya jawo mata.

Da wane baki za a gaya masa ba shi ba ne? Maganar ba ta shiga ta nan. Hanyar da take shiga ga ta can a kan tabarma, fara fat, ba wanda ya taɓa.

Malama Rukayya ta matso a kan gwiwoyinta, ba ta taɓa kowa ba, muryarta can ƙasa.

"Maman Amiru, me yake gogewa?"

Lubabatu ta kai hannu haɓar zani. Ƙullin ya ɗaure tam, mako uku na gumi, farcenta yana ta zamewa. Tana ja, ya ƙi. Tana ja. Yatsan yana nan a wuyanta, daga hagu zuwa dama, bai gama ba.